RA'AYINMU: Tsohuwar Fijo Ba Ta 'Yan Gwangwan Ba Ce

Jama'a, duk wanda ya daɗe yana safara tsakanin Arewa da Ikko ko Badun, da wuya a ce bai taɓa shiga Peugeot 504 ba. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, kuma a shekarar nan ce Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504, cikin ƙura da taɓo. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya maimaita, har ya haɗa da tseren Bandama na Kwaddibuwa.

To, ga abin takaici. A Turai masu sha'awa suna neman irin waɗannan motoci ruwa a jallo, mu kuwa nan sai a kira 'yan gwangwan su farfasa ta, a auna a sikeli. Tunda an daina ƙera ta, wadda aka fasa ta tafi ke nan. Muna roƙon wanda Allah Ya bar wa tasa ya riƙe ta, ya nemi tsohon makaniki wanda ya san kabureta.

Amma fa a yi hattara. Motar tsere an ɗaure cikinta da bututun ƙarfe, direba na sanye da hular kwano, abokinsa na karanta masa kowace kwana tun kafin su iso ta. Taka ba ta da ko ɗaya. Kafin ka hau hanyar Ikko zuwa Badun, a sake tiyon birki da tayoyi, ko da zanensu bai cinye ba, domin roba tana tsufa ko a ajiye take.