Funfuna a Wuraren Aiki: Darasi Daga Dokar Awaab

A watan Disamba na 2020, wani yaro mai suna Awaab Ishak ya rasu a garin Rocidel na ƙasar Ingila, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara biyu. Iyayensa 'yan asalin Sudan ne, suna zaune a gidan haya na wata hukumar gidaje. Tun 2017 mahaifinsa ya kai kuka cewa funfuna ta mamaye bangon ɗakinsu, aka ce masa ya shafe ta da fenti. A Nuwamba 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke hukunci cewa shaƙar funfunar na tsawon lokaci ce ta lalata masa numfashi. Bayan haka majalisar Birtaniya ta yi doka a 2023 da ake kira da sunansa, wadda ta fara aiki ranar 27 ga Oktoba 2025. Dokar ta wajabta wa masu gidajen hayar jama'a su binciki ƙorafin danshi da funfuna cikin kwanakin aiki 10, idan kuwa hatsarin na gaggawa ne, cikin awa 24.

Wannan doka ta gidajen kwana ce. Amma tambayar da ta tayar ta shafi wurin aiki kai tsaye, domin mutum yakan shafe awa takwas ko fiye a ofis, ko aji, ko shago, yana shaƙar iskar da ba shi ne ke da ikon gyara ta ba.

Funfuna tana tsirowa ne inda ruwa ya zauna: rufi mai yoyo, bango mai jan danshi, kafet da ya jiƙe, ɗakin da ba ya samun iska. Kwana ɗaya zuwa biyu sun ishe ta ta fara kamawa. Ƙwayoyinta suna tashi cikin iska, ido ba ya ganin su. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora da ya nuna cewa zama a gini mai danshi da funfuna yana da alaƙa da tari, da toshewar numfashi, da tsanantar asma. Wanda ya taɓa yin tarin fuka, ko garkuwar jikinsa ta yi rauni, hatsarinsa ya fi, saboda nau'in da ake kira Asfajilus yana iya samun mazauni a huhunsa. Launi kuma ba ma'auni ba ne: fara da koriya suna iya cutarwa kamar baƙa.

A fagen shari'a, wahalar ita ce babu wani adadi da aka yi ittifaƙi a kansa wanda za a auna a ce iskar ɗaki ta wuce iyaka. Saboda haka ma'aikacin da ya kamu da ciwon ƙirji yana shan wuya kafin ya tabbatar cewa ginin ne sanadi. Hikimar Dokar Awaab ita ce ba ta jira a yi wannan gardama ba. Ta ɗaura alhakin a kan lokaci: an sanar da kai, to kwana nawa ka ɗauka kafin ka gyara?

Mu a nan batun bai yi mana nisa ba. Ambaliyar daminar 2024 a Nijar ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya rushe. Gine-ginen da ba su faɗi ba, da yawansu sun sha ruwa, aka koma cikinsu kafin su bushe. Ga kuma masu aiki a ɗakunan ajiyar gyaɗa da masara, inda funfuna ke haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. A Kenya a 2004, masarar da ta gurɓace da wannan guba ta kashe mutum 125.

Dokoki akwai su. Kundin ƙwadago na Nijar na 2012 ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar ma'aikatansa, kuma a 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya lafiyayyen wurin aiki cikin haƙƙoƙi na asali. Sai dai yawancin mutanenmu suna aiki ne ba da takardar yarjejeniya ba, kuma yaron shago da ke tsoron kora ba zai kai ƙarar maigidansa ba. A nan ne addini ke isa inda mai duba wuraren aiki bai isa ba. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hadisin da ya haramta cuta da cutarwa, malamai kuma suka gina a kansa ƙa'idar cewa wajibi ne a kawar da abin da ke cutarwa. Wanda ya san ɗakinsa na sa mutane ciwo, ya yi shiru don gudun kashe kuɗi, ya ci amanar da za a tambaye shi.

Mu fara da kanmu. Masallatanmu da makarantun Islamiyya wuraren aiki ne ga liman, da ladan, da malamai, yara kuma suna wuni a cikinsu. Kwamitoci su duba rufi kafin damina, a toshe yoyo tun daga tushensa, a shanya darduma a rana, wadda ta ruɓe a zubar, a buɗe tagogi. Fenti a kan funfuna ɓoye cuta ne, za ta sake fitowa. Ma'aikacin da tarinsa ke lafawa idan ya yi hutu, ya dawo idan ya koma aiki, ya gaya wa likita haka, ya kuma sanar da maigidansa a rubuce ko gaban shaidu, ya riƙe ranar da ya yi hakan.

Allah Ya jiƙan Awaab, Ya ba iyayensa haƙuri, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu. Amin.