Mun Haddace Fomular Kwadiratik, Amma Mun Gane Ta?



Duk wanda ya gitta ta bayan tagar 'yan SS2 a wannan zangon ya ji mu muna rera ta baki ɗaya kamar karatun safe. Fomular kwadiratik ke nan, wadda a makarantun Najeriya ake yi wa laƙabi da "olmaiti", wai mai iya komai, sunan da mu dai muke ganin ya yi mata yawa. Ga ta yadda take a allo:

x = (−b ± √(b² − 4ac)) ÷ 2a

Kusan kowa a ajin zai kawo ta ido rufe. Amma ranar da aka raba mana takardun gwajin da ya wuce, a daidai wannan tambayar jan biro ya fi yin ɓarna, har a takardun waɗanda suka fi kowa ɗaga murya wajen rerawa. Shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Ra'ayinmu shi ne a riƙa nuna mana inda fomular ta fito kafin a ce mu haddace ta, mu kuma mu daina yaudarar kanmu cewa rerawa ita ce iyawa.

Bari mu fita daga aji mu je lambu. A ce baba yana da lambun albasa wanda tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 10, girman filin kuma murabba'in mita 600 ne. Nawa ne faɗin? Mu kira faɗin x, tsawon ya zama x + 10. Idan aka ninka su za a sami x² + 10x = 600, wato x² + 10x − 600 = 0. A nan a = 1, b = 10, c = −600. Abin da ke ƙarƙashin alamar saiwa shi ne 100 + 2400, wato 2500, saiwarsa kuwa 50 ce, domin 50 sau 50 ne ke ba da 2500. Sai a ce −10 + 50, a raba biyu, a sami 20. Ko −10 − 50, a raba biyu, a sami −30. Babu lambun da faɗinsa ya gaza sifili, saboda haka faɗi mita 20 ne, tsawo mita 30.

To amma me ya sa hakan ya yi aiki? Ɗauki kara ka zana lambun a ƙasa. Yanke murabba'i mai x ta kowane gefe. Abin da ya rage zirin fili ne mai faɗin mita 10. Tsaga shi biyu, mita biyar-biyar, ka bar ɗaya a inda yake, ka ɗauko ɗayan ka shimfiɗa shi a ƙasan murabba'in. Duba da kyau: saura ƙiris zanen ya zama babban murabba'i, kusurwa ɗaya ce kawai ta rage, mai 5 sau 5, wato 25. Cike ta. Yanzu kana da murabba'i mai girman 600 + 25 = 625, kowane gefensa 25 ke nan. Cire biyar ɗin da ke maƙale da x, ka ga 20 ta fito. Babu hadda ko ɗaya a nan. Wannan shi ne abin da littafinmu ke kira cike murabba'i, kuma idan aka bi wannan hanya da haruffan a, b da c a madadin lambobi, fomular ce ke faɗowa a ƙarshe. Rabawa biyun da ke cikinta tsaga zirin nan ne, b² kuma daga kusurwar da muka cike ta fito.

Wannan dabara ta girmi kakannin kakanninmu. Wajen shekarar 820 Miladiyya, a Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa Aljabru wal Muƙabala, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljebra. Babu x ko alamar saiwa ko ɗaya a ciki, da kalmomi da zane ya yi bayani. Misalinsa da ya fi shahara, in aka rubuta shi da haruffan yau, shi ne x² + 10x = 39: rabin goma biyar, biyar sau biyar 25, a haɗa da 39 a sami 64, saiwarta 8, a cire biyar, saura 3. Kuma don amfanin jama'a ya rubuta shi, shi ya sa babban sashe na littafin lissafin gado da wasiyya ne, akwai kuma awon fili. Al'adar amfani da x da a, b, c sai a 1637 ta kankama, a littafin Dekat na Faransa. Saboda haka masu cewa lissafi kayan Turawa ne, kanmu ba zai ɗauka ba, su sake tunani. Ko a ƙasar Hausa an yi Muhammad Alfulani Alkashinawi, masanin lissafi Bakatsine da ya rasu a Alƙahira a 1741.

Mu koma kan jan biron nan. Ɗauki 2x² − 5x − 3 = 0. Mai hadda zalla zai ga −b a farkon fomula, ya ga −5 a tambaya, ya rubuta −5 abinsa, alhali kishiyar −5 ake nema, wato 5. Wani zai danna −5² a kalkuleta ba tare da baka ba, ta ba shi −25, shi kuma ya yarda da ita fiye da kansa. Wani zai manta c ma tana da alamar debewa, ya ce 25 − 24 maimakon 25 + 24. Amsar gaskiya: saiwar 49 ita ce 7, sai 5 + 7 a raba huɗu a sami 3, ko 5 − 7 a raba huɗu a sami −½. Wanda ya taɓa zana kusurwar nan a ƙasa ya san b² fili ne, ba zai yarda kalkuleta ta ce masa −25 ba. Kuma minti ɗaya ya isa a mayar da 3 cikin tambayar a gani: 18 − 15 − 3 = 0. Mu nawa ke yin haka?

Mun san abin da za a ce mana. Manhaja tana da tsawo, malaman lissafi ba su wadata ba, zango kuma gajere ne, ga wasunmu na kauce wa aji lokacin shuka da girbi. Duk gaskiya ne, kuma laifin ba na malamai kaɗai ba ne, mu ma mun fi son a ba mu abin da za mu cusa a ka daren jarrabawa. Ba ma raina hadda. Mu 'yan Maruda, a ƙasar Gwandu ta Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, mun san darajarta tun daga makarantar allo. Amma a zauren malam ma, bayan an biya karatu sai an fassara shi. Darasi ɗaya tak muke roƙo, na zane da kara, ko da da Hausa za a yi bayanin, kafin a rubuta fomular a allo.

Abin ba na wasa ba ne. Kwadiratik tana cikin manhajar WAEC da NECO da JAMB, kuma wanda bai sami kiredit a lissafi ba, ƙofofi da yawa sun rufe masa: Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke nan kusa da Kalgo, jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, har kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru. Masu jiran satar amsa kuwa, su sani a JAMB daga kai sai kwamfuta.

Mu a Ƙungiyar 'Yan Jarida mun fara da kanmu. Duk ranar Laraba bayan an tashi za mu zauna a gindin wannan allon da kara da yashi, 'yan SS1 ma muna maraba da ku. Kafin nan ga ta wannan makon: fangalin albasa tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 6, girmansa murabba'in mita 91. A nemo faɗin ta hanya biyu, da zane da kuma fomula, a jefa a akwatinmu kafin Juma'a. Wanda ya kawo amsa babu zane, ba za mu liƙa sunansa ba.