A Bi Sawun Kwanson Harsashi

A Amurka ana ƙera wani harsashi mai ɗan rami a tsininsa, irin Sierra MatchKing, domin saiti a gasar harbi, ba don farauta ba. Kafin a bai wa gwanayen harbin soja shi, sai da lauyoyin rundunar suka duba a 1990 ko ya saɓa wa ƙa'idar Hague ta 1899, wadda ta hana harsashi mai buɗewa cikin jiki.

A Gidan Rumji kuwa, inda 'yan bindiga ke tsallako iyaka su kore shanu, su sace mutane, wa ke tambayar asalin harsashi? Gindin kwanso galibi yana ɗauke da lambar masana'anta da shekarar ƙira. Jandarmomin Maradi su riƙa tattara kwansunan bayan kowane hari, a gano mai sayarwa.