Wa ke magana da yawun ɗiyanmu a jami'a?

Kwanan baya wata baiwar Allah mai saida kayan miya ta kira mu a cikin shirin da nake gabatarwa da hantsi, muka ɗauka gaisuwa za ta yi, ashe kuka ta kawo. Ta ce ɗiyarta na karatu a wata jami'a nesa da gida, kowane wata sai ta tsakuri jarinta ta aika mata jika goma, wani lokaci har da garin rogo da ƙuli-ƙuli a motar safe. Ga shi sati uku yarinyar ba ta shiga aji ba, wai ana yajin karatu. Da ta tambaye ta dalili, sai ta ce ita ma ba ta sani ba, umurni ne ya zo daga sama. Uwar ta ce mini: "Malam, wane ne saman nan? Ni dai na san mai gidan haya ba ya yajin karɓar kuɗinsa."

Mun yi dariya a ɗakin watsa shiri, amma tambayar ta bi ni har gida. Domin duk wanda ke zaune a rumfa a kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko Katako a Yamai, in yana da ɗa ko ɗiya a jami'a, to da guminsa ake wannan karatu, kuma ya cancanci ya san waɗanda ke yanke shawara a kansa.

Kada wani ya ɗauka raina ƙungiyar ɗalibai nake yi. Tun 1960 aka kafa USN, kuma ƙasar nan tana da bashinta a wuya. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai 3 suka rasa rayukansu a kan gadar Kennedy, zamanin Janar Ali Saibou, kuma jininsu na cikin abin da ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991, inda ɗalibai suka zauna da kujerarsu kamar gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago. Sai dai a wancan lokaci jami'ar gwamnati ɗaya ce tak, a Yamai. In an kira taron gangami, kowa na iya tahowa da ƙafarsa ya ji da kunnensa, ya ɗaga hannu ko ya ƙi. Wanda aka zaɓa, da shi ake bin layin abinci, da shi ake jiran bursu.

A 2008 aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha na IUT a Maraɗi, Tawa da Damagaram, a ƙarƙashin jami'ar Abdou Moumouni. Jami'a ɗaya ke nan, amma gida huɗu, kuma tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne. A 2010 ukun nan suka zama jami'o'i masu cin gashin kansu, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ɗaliban kowane wuri sun kafa reshensu, kamar yadda na Yamai ke da UENUN. A takarda abin ya yi kyau. Amma al'ada ba ta tashi da sauri kamar gini. An saba magana mai nauyi daga Yamai take fitowa, can ministoci suke, can hukumar da ke biyan bursu take, can manyan gidajen rediyo da talabijin suke. Wanda ya fi kusa da makirfo shi ake ji, wannan kam sana'ata ce, na san ta.

To, ku ƴan kasuwa kun fi kowa fahimtar matsalar. A kowace babbar kasuwa, ƴan tumatir na da shugabansu, mahauta na da sarkin fawa, ƴan atamfa da nasu. In magajin gari ya ƙara kuɗin rumfa, kowa sai ya haɗu a yi magana da murya ɗaya. Amma in rufin layin ƴan kifi ne ke zuba, ba mai sayar da atamfa za a tura ya yi bayani ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ba a taɓa jin an ce ƴan kasuwar Tawa su rufe rumfunansu ba tare da an tambaye su ba, don kawai an yi rigima a Wadata. Haka ya kamata a jami'a. Jinkirin bursu ya shafi kowa, a taru a kansa. Amma ɗalibin Damagaram, garin da kowa ya san wahalar ruwansa, damuwarsa ta safe dabam take da ta wanda ke kwana a bakin kogin Isa. Ko a cikin gari ɗaya ma, inda sassan jami'a ke warwatse, ƙaramin sashe mai ɗalibai kaɗan kullum babba ke haɗiye shi ranar zaɓe, don ƙuri'a yawa take bi.

Ra'ayina a nan shi ne, duk wurin da ake karatu ya samu wakilin da ɗaliban wurin suka zaɓa da hannunsu, wanda ke kwana inda suke kwana, kuma ya samu kujera da ƙuri'a a kwamitin ƙoli komai ƙanƙantar sashensa. Sannan yajin da zai rufe aji, kada ya hau kan wani wuri sai ɗaliban wurin sun zauna sun kaɗa ƙuri'a, ta asiri in da hali. Na faɗi ta asiri ne don duk wanda ya taɓa halartar taron gangami ya san yadda ɗaga hannu yake in ƙarti na tsaye a bakin ƙofa suna kallon fuskoki.

Na san abin da magabatan ɗalibai za su ce: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma raba kawuna shi ne abin da kowace gwamnati ke nema. Akwai gaskiya a ciki. A watan Afrilu 2017, lokacin da ɗalibi ya rasu a zanga-zangar Yamai aka rufe wuraren kwanan ɗalibai a Yamai da Maraɗi, tsayuwar da aka yi tare ce ta sa hukumomi suka zauna teburin shawara. Amma haɗin kan da aka tambayi mutum ya yarda ya fi ƙarko a kan wanda aka aiko masa ta waya. Yarinyar da ta san dalilin yaji za ta iya yi wa uwarta bayani, uwar ma ta yi haƙuri, wataƙila har ta goyi baya. Kuma ƴan siyasa, waɗanda ba yau suka fara zawarcin shugabannin ɗalibai ba, ya fi musu sauƙi su saye mutum biyar a babban birni da su saye wakilai a garuruwa takwas.

Sai maganar mata. Ku dubi hotunan shugabannin ɗalibai in suna hira da ƴan jarida, ku ƙirga ɗan kwali nawa ke ciki. Alhali matsalar makewayi a gidan kwanan mata, da dawowa daga aji bayan magariba a unguwar da ba fitila, da malamin da ke neman abin da bai kamata ba kafin ya ba da maki, ba kasafai ɗiya mace ke iya faɗa wa namiji su ba. A kowane wuri a ware musu kujerarsu, su zaɓi tasu.

Kuɗin katin ƙungiya kuma, daga cinikinku yake fitowa. Mai adashe ma tana faɗin abin da ya shiga da wanda ya ɗauka. A liƙa lissafin kowane reshe a bango ƙarshen shekara.

Matar nan ta sake kira bayan kwana goma, ta ce an koma aji. Na tambaye ta ko ɗiyar ta san sunan wakilin sashensu. Ta ce za ta tambaye ta ranar Juma'a in ta je tasha aika saƙo, kuma in ba ta sani ba, ƙuli-ƙulin wannan wata sai ya jira.