Bitamin E: Guzurin da Hatsi Ke Yi wa Ɗansa

Masu tallar magani sun sa mun ɗauka domin mu aka yi bitamin E. Ni kuwa ina ganin sai mun fara tambayar amfaninsa ga shukar da ta samar da shi kafin mu gane asarar da muke yi a wurin surfe.

A 1922 Herbert Evans da Katharine Bishop, na Jami'ar Kaliforniya a Amurka, suka gano cewa ɓerayen da aka hana wani sinadari da ke cikin man ƙwayar alkama ba sa iya haihuwa. Sinadarin nan shi ne bitamin E, kuma daga baya aka gane iri takwas ne: huɗu dangin tokoferol, huɗu dangin tokotirayenol.

Yayin da ƙwayar gero, dawa ko masara ke ƙosawa a zangarniya, uwar shuka tana tara mai a cikin ɗan tayin da zai tsiro baɗi. Mai kuwa abokin gabansa iskar oksijin ce, wadda ke lalata shi a hankali, musamman idan ƙwaya ta bushe ta daɗe a rumbu cikin zafi. Saboda haka ake jibge tokoferol a jikin tayin ya tare wannan ɓarna, shi kuma tokotirayenol ya fi yawa a ɓawo da sauran jikin ƙwaya. A 2004 masu bincike a Jami'ar Jihar Mishigan suka nuna cewa irin wata ƙaramar shuka da aka hana yin tokoferol ba ya jure ajiya, wanda ya tsiro ma yakan fito a nakashe. Shekara guda kafin nan wasu sun ɗauko ƙwayar halitta daga sha'ir suka sa a masara, bitamin E ɗinta ya ninka har sau shida.

To, ina wannan guzuri yake tafiya a gidajenmu? Surfe, na turmi ko na inji, yana kankare ɓawo, sau da yawa har da tayin. Abin da muke kira dusa ke nan, muna zuba wa awaki. Ba na zargin matan da ke surfe, domin suna da hujja: da zarar an niƙa gero, mansa ya haɗu da iska, cikin 'yan kwanaki garin ya fara ɗaci da wari, kuma garin da aka bar wa dusarsa ya fi saurin lalacewa. Farin tuwo ma ya fi shiga ido.

Amma akwai tsaka-tsaki. A sassauta surfe, a niƙa abin da za a ci cikin kwana biyu ko uku, sauran a bar shi ƙwaya. Masu inganta iri a cibiyoyi irin ta Samaru a Zariya kuma, ina roƙonsu su riƙa auna bitamin E a sababbin irin da suke fitarwa, kamar yadda suke auna yawan buhu a kowace hekta. Manomin da ke ajiye iri daga kaka zuwa damina yana buƙatar sanin wanne ne zai kai shuka da ransa.