Wasiƙa ga Masu Gyaran Kwamfuta na Kauru

'Yan'uwa abokan sana'a,

Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye tallafin kyauta daga Windows 10, kuma yawancin kwamfutoci na hannu da ake kawo muku daga Kafanchan ko Jos ba sa ɗaukar Windows 11. Wasunku sun fara ɗora Ubuntu ko Linux Mint. Madalla. Maganata a kan yaran shagonku ne.

Yaron da ya saba da Windows, da zarar yana son manhaja sai ya shiga intanet neman fayil mai .exe, ya latsa, shiru. Sai ku ƙwace kwamfutar ku yi masa. Haba, malamai! Ku bar shi a kan kujera. Ku fahimtar da shi cewa a Linux manhaja daga rumbu take zuwa, rumbun da masu tsarin suka tantance. Kamar sayen magani ne a kemis maimakon wajen mai talla a tasha. Ya rubuta sudo apt update da hannunsa, sannan sudo apt install vlc. Kafin ya amince, ya karanta adadin megabait da za a sauke, domin manhaja kan jawo wasu ƙananan da ba ta aiki sai da su. Kalmar sirrin da sudo ke tambaya kuwa ba ta bayyana idan ana rubuta ta. Ku faɗa masa tun wuri, kada ya zaci madannan sun mutu.

Data da wuta su ne ciwon kanmu, daga Geshere har Damakasuwa. Manhajojin Snap da Flatpak sun fi cin data, don haka a fara duba na apt. In kun rubuta apt-get a madadin apt, abin da ya sauke yana zama a /var/cache/apt/archives. Ku kwafe a filas, ku saka a wata kwamfutar mai irin tsarin. Ku kuma zaɓi fitowar LTS, irin Ubuntu 24.04, mai tallafin shekara 5.

In NEPA ta ɗauke ana tsakiyar sakawa, ga batiri ya daɗe da mutuwa, kada yaro ya yi gaggawar goge komai. Wuta na dawowa ya rubuta sudo dpkg --configure -a, galibi aikin zai ƙarasa.

Umarnin da ya tsinta a intanet kuwa, muddin da sudo a gabansa, kada ya liƙa sai ya iya gaya muku abin da yake yi.

Naku a sana'a.