Ku bar Kawu ya ƙarasa maganarsa

Kawuna da ke Sabon Garin Wudil ya yi fama da ciwon daji na baki. Likitoci suka yanke wani ɓangare na harshensa, gashin da aka yi masa da na'ura kuma ya busar masa da yawu. Ya samu sauƙi, alhamdulillahi, amma "ra" da "la" da "ta" ba sa fita daidai, domin da tsinin harshe ake furta su. Mutumin da ke cika majalisa da hira, yanzu sai murmushi.

Ni dai a ganina, mu muka ƙarasa rufe masa baki. Wani ya tari numfashinsa, wani ya kwaikwaye shi. 'Yan'uwa ɗalibai, mu koyi haƙurin sauraro. Kuma gyambon baki in ya wuce sati 2 bai warke ba, a je asibiti.